Rabin Kalmar Sirrin Baban Sito

Na fara ganin Baban Sito ranar Litinin, 4 ga watan Maris na shekarar 2002, da ƙarfe tara da kwata na safe. Ranar ce na kama aikin akawu a reshen wani kamfanin sufuri mai motocin bas talatin da biyu. An nuna mini teburina, babu biro a kai, aka ce in gangara sito in karɓo. Na tarar da wani dogon mutum siriri a bayan kanta, da zoben makullai a ƙugu, wanda nauyinsa ya sa yake ɗan karkata hagu in yana tafiya. Na gaishe shi na ce biro nake so. Ya amsa da fara'a, ya tambayi mutanen gida, sannan ya miƙo mini fom ya ce in cika. Na tambaye shi da me zan cika. Ya ce da biro. Nasa kuwa kayan kamfani ne da aka ba shi da sunansa, ba ya bayar da aro. Sai da na hau sama na aro na mai buga takardu, na cika, Manaja ya sa hannu, sannan na dawo. Ƙarfe goma saura minti biyar biron ya shigo hannuna. Wannan lokacin ne abu na farko da na rubuta da biron a littafina.

Daga ranar muka saba, don halinmu ya zo kusa. Ni ba na yarda da abin da ba a rubuta ba, shi ba ya yarda da abin da ba a kulle ba. Yana kirana Akawu, ina kiransa Baba, ko da yake shekara tara kawai ya ba ni.

Ya shigo kamfanin a watan Janairu na 1991 a matsayin mai gadin ƙofa. Bayan shekara biyu aka ba shi shugabancin masu gadi, kuma a nan ne ya samo iliminsa guda ɗaya da yake alfahari da shi. Ya ce ya lura duk satar da aka taɓa yi a garejin, masu gadi biyu da suke shiri ne a bakin aiki. Saboda haka ya riƙa haɗa waɗanda ba sa ga maciji da juna. In ya ji biyu sun fara cin abinci a kwano ɗaya, washegari ya raba su. Sata ta tsaya cak. Da tsohon mai sito ya bar aiki, aka danƙa masa makullan, kuma tun daga lokacin ko abu ɗaya bai ɓata ba, daga taya har allurar maƙale takarda.

Haka yake a gida ma. Matarsa ta taɓa kawo masa maganin da ya manta, ta zauna a ofishina tana jiransa, ta ba ni labari cewa kwado uku ne a ƙofar gidansu, kowanne daga maƙeri daban, kuma ya raba makullan: ɗaya gare shi, ɗaya gare ta, ɗaya wurin babbar 'yarsu. Ranar da aka tsayar da yarinyar a makaranta, su biyu suka zauna a dakalin ƙofarsu har la'asar kamar baƙi. Ta ce da ta yi magana, sai ya nuna mata cewa ai ga shi tsarin ya yi aiki, tunda ko masu gidan ba su iya shiga ba.

Fayilolin ma'aikata a hannuna suke, don haka na san abin da ya fi damunsa a duniya. Fayil ɗinsa shafi tamanin da bakwai ne, babu takardar tuhuma ko ɗaya a ciki. A reshenmu ba wanda ya kai shekara goma ba tare da an tuhume shi ba, ko a kan makara ce. Duk ƙarshen shekara yakan hawo sama, ya tsaya bakin teburina yana 'yan kame-kame, har sai na ɗauko fayil ɗin na buɗe masa. Ba ya taɓawa. Yakan leƙa, ya gyaɗa kai, ya koma. Ritayarsa za ta kama 31 ga Disamba, 2022, kuma burinsa a rufe fayil ɗin yadda yake.

A watan Fabrairu na wannan shekarar ta 2022 hedkwata ta aiko da umarni cewa daga yanzu duk neman kaya ta intanet za a riƙa yi, sau ɗaya a wata uku, a wani shafi da ake rufewa ƙarfe huɗu na ranar ƙarshe. Wanda bai aika ba sai ya jira zagaye na gaba. Aka kawo kwamfuta sito. Baba ya karɓe ta, ya ƙirga wayoyinta, ya sa aka ɗaure ta da sarƙa a ƙafar kanta. Aka nuna masa burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, kuma cikin mako biyu ya iya buɗe shafi da yatsa ɗaya. Neman kaya na watan Maris ya tafi lafiya.

Masifar ta fara ranar 12 ga Afrilu. Manaja ya gangaro da baƙi biyu daga hedkwata, mace da namiji, don su ga cewa har sitonmu ya waye. Baba ya gyara zama, ya kama linzamin kwamfuta, yana neman farashin batir a wani shafi. Sai ga wani akwati ya faɗo tsakiyar allon, da hoton wata mata wadda ba ta gama sa kaya ba, tana tallar maganin ƙarfin maza. Ya danna don ya kore ta, sai ta zama biyu. Ya cire hularsa ya rufe allon da ita, hular ba ta kai ba. Baƙuwar ta juya tana karanta lambobin tayoyi da babbar murya. Da suka fita sai ya hawo wurina, gumi har wuyan riga, yana tambayata ko irin wannan yana shiga fayil. Na ce ba ya shiga. Bai yarda ba sai da na buɗe masa littafin dokokin aiki.

Daga nan ya shiga neman masu gadi. Ya tambayi direbobi, ya tambayi surukinsa, ya tambayi mai shagon waya na bakin titi, kuma duk manhajar tsaron da aka ambata masa sai ya sa ta. Zuwa ƙarshen watan yana da masu kashe bairos, wato cutar kwamfuta, guda uku da masu toshe talla biyu. Ta shidan ita ta kawo kanta. Wata rana wani jan akwati ya fito yana walƙiya, ya ce an gano ƙwayoyin bairos goma sha huɗu a kwamfutarsa, ya danna nan a ceto shi. Baba ya ɗauke shi a matsayin mai son alheri, ya danna, ya kuma yi masa godiya a fili.

Na auna da agogona: kwamfutar da a da take tashi cikin minti ɗaya, yanzu sai ta yi minti talatin da takwas. In ta tashi kuma sai ƙara ta fara. Manhaja ta farko ta ce ta kama ta biyu tana leƙen fayiloli. Ta biyu ta ce ta tsare ta uku. Ta uku ta nemi izinin goge su duka. Fankar cikin kwamfutar tana kuka kamar bas mai hawan tudu. Na ce masa wannan ba lafiya ba ne. Ya dube ni da tausayi.

"Akawu, kai ba ka taɓa gadi ba. Ran da ka ji sun yi shiru, ran nan za ka zo mu yi kuka tare."

Da shafin hedkwata ya daina buɗuwa gaba ɗaya, Manaja ya kira Injiniya. Mace ce mai kimanin shekara arba'in da biyar, ita ke kula da kwamfutocin rassa bakwai, kuma ba ta da lokacin dogon zance. Ta zo ranar 17 ga Mayu. Ta zauna gaban allon ta duba, sannan ta tambayi wanda ya yi wannan aikin. Baba ya matso da ƙirji a gaba. Ta ce ta shekara ashirin tana gyara, ba ta taɓa ganin kwamfutar da aka tsare har ta suma ba.

Ya yi mata bayanin masu gadin da ba sa shiri. Abin mamaki, ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta bi da shi ta hanyarsa. Ta ce masu gadinsa na gareji kowa da kusurwarsa. Waɗannan kuwa su uku ya cusa a ɗakin gadi ɗaya mai kujera ɗaya, sun shaƙe wuyan juna, ƙofa tana buɗe ba mai kallonta. Ta ce haɗa tsaro ba tara iri ɗaya ba ne, kowa a ba shi aikinsa: mai kashe bairos ɗaya, shi ne na bakin ƙofa, mai toshe talla ɗaya, shi ke korar 'yan talla kafin su iso kanta, ma'ajiyar kalmomin sirri ɗaya, ita ce akwatin makullai, sannan a bar burauza ta riƙa sabunta kanta, kamar yadda ake canza kwado in ya tsufa. Ta nuna jan akwatin nan ta ce shi kuwa ɓarawo ne da kansa, ya sa rigar gadi ya zo neman aiki, Baba ya ɗauke shi ba tare da ya nemi takardar shaida ba. Wannan maganar ta shige shi. Ya koma ya zauna a kan galan ɗin giris.

Amma da ta kama linzami za ta fara gogewa, sai ya miƙe ya dafa teburin. Ya ce ba abin da ke fita daga sito sai da fom. Ta ɗauka wasa yake, ta dube ni, na gaya mata ba wasa ba ne. Ta cika fom ɗin fitar da kaya: manhaja, guda uku, dalili, sun yi yawa. Ɓarawon ma sai da aka rubuta shi a layinsa. Kwafin yana wurina.

Saura ma'ajiyar kalmomin sirri. Ta zuba mata kalmar shiga shafin hedkwata da ta imel ɗin sito, ta sa ta ƙirƙiro sababbi, dogaye masu haruffa a hargitse waɗanda ba mai iya haddacewa. Ta ce yanzu kalma ɗaya tak zai riƙe, babbar da ke buɗe ma'ajiyar. Kada ya sa ranar haihuwa, kada ya sa sunan ɗa ko na mata; ya ɗaga ido ya zaɓi abubuwa shida da ba su da dangantaka da juna, ya jera su. Ta ce kwamfutar za ta riƙe masa a buɗe, ba kullum za ta tambaya ba, sai an yi babban sabuntawa.

Baba ya ce kalma ɗaya a hannun mutum ɗaya ba tsaro ba ne. Zai zaɓi uku, wani ya zaɓi uku, kowa ya buga nasa ɗayan yana kallon bango. Ya ce a duk ginin nan ni kaɗai ya yarda da ni. Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba. Ya buga nasa, ya juya baya. Na tsaya daidai ƙarshen kanta, na ɗaga ido, na zaɓi abubuwa uku da na gani, na buga. Na zaro littafina zan rubuta, ya riƙe mini hannu.

"Akawu, wannan dai kada ka rubuta. Alfarma ɗaya da na taɓa nema a wurinka ke nan."

Na mayar da littafin aljihu. Injiniya ta buga wata takarda mai ɗauke da lambobin ceto, ta ce ya sa ta a cikin akwatin ƙarfensa, wanda ya fi kowane wuri tsaro a reshen. In an manta kalmar, da ita za a buɗe. Ya karɓa da hannu biyu, ya raka ta har mota. Da ya dawo ya yayyaga takardar ƙanana-ƙanana, ya raba gutsattsarin a kwandon shara biyu, wai takarda ɗaya mai buɗe komai ba tsaro ba ce.

Mako shida kwamfutar tana aiki kamar sabuwa. Matar nan mai tallar magani ba ta sake leƙowa ba. Baba ya riƙa tare direbobi yana koya musu yadda ake haɗa tsaro, ɗaya-ɗaya kowa da aikinsa, kamar shi ya ƙirƙiro.

Ranar Alhamis, 30 ga Yuni, ita ce ranar rufe shafin. Ya gama shirya jerin kayan tun Talata, taya arba'in da huɗu a sama, amma ya ƙi aikawa don yana so ya sake ƙirga na kan kanta. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin ya kira ni. Burauza ta sabunta kanta da safe, ma'ajiyar ta kulle, tana neman babbar kalma. Ya riga ya buga nasa rabin, ya juya yana kallon bango, hannuwa a baya.

Na zauna, na ɗora yatsu. Babu komai a kaina. Shekara ashirin ina rubuta duk abin da ya wuce ta gabana, kuma sai a ranar na gane dalilin da ya sa nake ganin ina da riƙo: ban taɓa buƙatar tuna komai ba. Ya jira minti biyu, sannan ya tambayi bangon ko na gama. Na ce ina zuwa.

Da na faɗa masa gaskiya bai yi faɗa ba. Ya ce in koma daidai inda na tsaya ran nan in ɗaga ido. Na koma. Bokiti ya dawo mini nan take, yana nan a inda yake. Na biyu na tuna abu ne mai haske, amma wurin yanzu kwalayen matatar mai ne. Baba ya ɗauko fom-fom na fitar da kaya tun daga 17 ga Mayu, ya shiga karanto mini duk abin da ya bar wannan kantar, ɗaya bayan ɗaya, da sunan wanda ya karɓa. A na ashirin da uku ya ce tocila, na ce ita ce. Saura ɗaya. Muka gwada bokiti, tocila, igiya. Muka gwada bokiti, tocila, sabulu. Kowane gwaji sai ya buga nasa, ya juya, in buga nawa. Na roƙe shi ya bar juyawar don lokaci, ya ce doka doka ce. Bayan kuskure biyar ma'ajiyar ta ce mu jira minti goma sha biyar. Bayan wasu biyar ta ce rabin awa.

Muka kira Injiniya, tana wani reshe mai nisan awa huɗu. Ta ce abu mai sauƙi, a ɗauko takardar da ke cikin akwatin ƙarfe. Baba ya riƙe wayar yana kallon kwandon shara. Ta kira sunansa sau biyu, sannan ta ce, a hankali, "Baba, ka yaga ta ko?" Ya ce a kwando biyu ya zuba. Ta ce to a nemi hedkwata ta canza kalmar shiga shafin. Muka nema, suka ce sun aika sabuwa ta imel ɗin sito. Kalmar imel ɗin tana cikin ma'ajiyar.

Ƙarfe huɗu ta buga muna kan bokiti, tocila, tsintsiya.

Ranar Litinin Injiniya ta zo cikin ruwan sama. Ta shigo sito, ta kakkaɓe lemarta, ta jingina ta a ƙarshen kanta. Ina ganin haka na ce a ba ni wuri. Bokiti, tocila, lema. Ma'ajiyar ta buɗe. Lemarta ce na gani ran nan a jingine a wurin, kuma ba kayan sito ba ce, shi ya sa ba ta cikin fom ko ɗaya. Injiniya ta zauna a kan galan ɗin giris tana dariya har tana share ido da gefen mayafi. Baba bai yi dariya ba. Ya tambaye ni yadda aka yi na zaɓi abin da ba a shigar da shi ba.

Tayoyin ba su zo ba. Kafin ƙarshen Yuli bas bakwai suna tsaye a gareji a kan duwatsu, hedkwata kuma ta ce sai an tuhumi wani. Na shiga wurin Manaja na ce laifina ne, ni na manta, a rubuta da sunana. Ya saurare ni, ya ce ya gode da gaskiyata, amma shafin da sunan mai sito yake, don haka takardar tuhumar Baba tana nan. Tunda kuma na kawo kaina, zai ƙara ɗaya da sunana saboda riƙe makullin da ba a ba ni a rubuce ba. Ni na buga takardun biyu, ni na ba su lamba, ni na kai wa Baba tasa ya sa hannu ya karɓa.

Amsarsa layi huɗu ce. Bai ambaci sunana ba. Ya rubuta cewa ya ba amintaccen mutum makulli ya hana shi ƙusar da zai rataye shi, kuma ya yaga takardar da masaniya ta ce ya adana. Laifin nasa ne, ba zai sake ba. Kwana tara na aiki bai hawo sama ba, in na gangara kuma gaisuwa ce kawai. A na goma ya zo ya tsaya bakin teburina. Na ɗauko fayil ɗin na buɗe masa shafi na tamanin da takwas. Wannan karon ya sa hannu ya ɗaga takardar, ya duba gaba da baya.

"Ka huda ta a karkace, Akawu."

Na duba, gaskiyarsa ce. Ya ce in ba shi ita ya kai sito, yana da abin huda mai kyau. Na ce takarda ba ta barin fayil sai da izini a rubuce. Ya dube ni, ya koma ƙasa, ya dawo da abin hudar a aljihu, muka gyara ta tare a kan teburina. A makon ne ya sa Injiniya ta sake buga takardar ceto, ya sa ta a ambulan, ya kulle a akwatin ƙarfe, kalmar kuma ya riƙe ta shi kaɗai. Neman kaya na Satumba ya aika shi kwana goma sha ɗaya kafin a rufe.

Ya yi ritaya ranar 31 ga Disamba, 2022, fayil ɗinsa yana da shafi casa'in da ɗaya, da takardar tuhuma guda. Shi da matarsa sun koma kusa da babbar 'yarsu a wata unguwa ta bayan gari, inda yake kiwon kaji kimanin sittin. Gwiwarsa ta dama tana damunsa, ban da wannan lafiyarsa lau. Ina kai masa ziyara Asabar ɗin farko ta kowane wata.